Ranar da Aka Sa Kifi a Akwati

Wani dare a ƙarshen hunturu na ji garin fim yana nishi. Ba kukan mujiya ba ne, ba kuma na barewar dutse ba, wadda ke haushi kamar kare mai mura. Murya ce mai kauri, kamar ta saniyar da ta faɗa rijiya. Sai ta yi tsawo ta sauka, wata siririya ta amsa mata daga nesa. Na zauna a kan shimfiɗata ina saurare har ɗumin wutar da ke ƙarƙashin daɓen ɗaki ya huce. Ban ji tsoro ba. Ni dama mai son irin waɗannan abubuwa ne, tun ina yaro malaminmu ya ce kaina ya fi dacewa da kallon tururuwa, na kuwa bar masa makarantarsa a aji huɗu.

Da gari ya waye na haura kwarin da ke bayan ƙauyenmu, Bamgol, inda garin fim yake. Ashe rufin gidan giya ne ya ɓurme. Bunu ya zube ƙasa baƙi ƙirin, iska na shigowa ta ramin tana bi ta bakin manyan randunan da aka jera a ciki, waɗanda tun da aka kawo su ba a taɓa zuba musu komai ba. Babbar ce mai muryar saniya. Na ɗebo ruwa a rafi na zuba wa ɗaya in ji ko muryarta za ta canza. Ta canza kuwa. Ina cikin gwada ta uku maƙwabciyata 'Yar Andong ta leƙo, hannunta a ƙugu.

"Gawa! Yanzu kuma da randuna kake hira?"

"Zo ki ji, wannan muryar marigayi mijinki ce sak, in ya sha ya ƙoshi."

"Bar mijina ya huta. Ba ka ji lasifika ba? Shugaban ƙauye tun ɗazu yake ta ɓaɓatu. Ƙaramar hukuma ta ce in hunturu mai zuwa ya wuce ba a yi wani aikin kirki a nan ba, rushe garin za su yi, su shimfiɗa farantan sola."

Na ajiye bokitin. Sunana Tak Manbok, amma a Bamgol Gawa ake ce mini, kuma a wannan garin na samo sunan. Ƙaramar hukuma ce ta gina shi tun gashina yana baƙi: gidajen jinka irin na zamanin sarakuna, kasuwa, ƙofar gari, da fadar hakimi wadda gabanta kawai aka gina, bayanta katakai ne suka tokare ta. Masu fim sukan zo da rani da hunturu, mu kuma mu ne jama'ar gari. Mu ne manoma, mu ne 'yan kasuwa, mu ne sojojin da ake kora. Duk namijin Bamgol gemu yake bari, don darakta ba ya son na liƙawa. 'Yar Andong ita ke dafa wa ma'aikata abinci a tukwane masu girman kwale-kwale. Ni kuwa aikina mutuwa. Ina iya kwanciya ido buɗe, ƙuda ya sauka mini a kan ƙwayar ido ban ƙifta ba. Annoba ta kashe ni, yunwa ta kashe ni, mahara sun kashe ni ta kowace ƙofa. Ni da aminina Pyo Dalsu mun mutu tare a yaƙe-yaƙe da yawa kafin shi ya yi ta gaske.

Sai masu fim suka rage zuwa, daga baya suka daina. An ce wasu ƙasashe mayar musu da kuɗi suke yi in sun je can sun yi aiki. Na daɗe ina juya wannan magana a kaina, a ce baƙo ya ci abincinka, ka kuma biya shi ladan ci. Rufin jinka kuwa duk shekara yake son sabon kara. Da aka yi kaka uku ba a taɓa shi ba, sai ciyawa ta tsiro a kai, har na ga kabewar daji ta yi 'ya'ya a kan gidan maƙeri.

Lokacin da ake dashen shinkafa Sanggu ya zo. Ɗan Dalsu ne, a gabanmu ya girma, a kasuwar garin fim ya koyi tafiya. Yanzu furodusa ne a Seoul. Ya fito daga baƙar mota da kwalin lemo a hannu, ya fara zuwa kabarin ubansa, sannan ya zo zauren tsofaffi ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Kawu, kun ci abinci?"

"Mun ci. Kai dai da alama ka ci namu ka ci naka," in ji 'Yar Andong tana nuna tumbinsa.

Ya yi dariya, dariyar ubansa ce, wadda kafaɗu ke rawa. Ya ce akwai doka a gaban majalisa, wadda za ta yi wa masu fim rangwamen haraji in sun tsaya sun yi aikinsu a gida. Ya ce 'yan majalisa sun gaji da ganin masu kwat, mutane suke son gani, masu gemu na gaske, waɗanda aikin ya gudu ya bari.

"In aka amince da ita, Kawu, babban fim ɗina nan zan kawo shi. Fim ɗin hunturu ne, wata huɗu cur. Ina zan kai shi in ba garin ubana ba?"

Yaya Gapsu, gwanin baibaya na ƙarshe da ya rage a yankinmu, kunnensa ya yi nauyi, ya kan kafa hannu a bayan kunne kamar mai tare ruwa. Ya ce, "Me yaron ya ce?"

Na ɗaga murya, "Ya ce fim zai dawo!"

"To a ce masa rufin ya mutu."

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba," in ji Sanggu a kunnensa. "Sabon rufi nake so, kowane gida. Irin naka, ba na roba ba."

A tsakiyar zafi muka cika mota muka tafi Seoul cikin kayan talakawan zamanin da. Aka jera mu a gaban majalisa, wasu da garma, wasu da kwando. Sanggu ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, yi musu abin nan naka." Na kwanta a kan kwalta, aka lulluɓe ni da tabarma zuwa ƙirji, aka ɗora mini allo mai rubutun cewa ni ne fim ɗin ƙasarmu. Kwaltar nan da an fasa ƙwai a kanta zai soyu. Na buɗe ido na zuba wa sama. Wata tattabara mai ƙafa ɗaya ta zo ta tsaya kusa da kunnena tana kallona, har yau ina tunanin inda ta bar ɗaya ƙafar. Wata mata ta yi ihu a kira motar asibiti. Washegari hotona ya fito a jaridu, 'Yar Andong ta ce tun da ta san ni ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Bayana ya saɓule, na yi kwanaki ina kwanciya rub da ciki.

Majalisa ta amince da dokar kafin shinkafa ta nuna. A talabijin ɗin zauren tsofaffi muka gani. Muka yi ta tafi kamar mu aka yafe wa harajin, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa samun abin da ya kai a yi masa rangwame.

Daga nan aiki ya koma hannun Yaya Gapsu. Karan shinkafar da injin girbi ya tauna ba ya rufi, gajere ne, a farfashe. Sai an yanka da lauje, a ɗaure dami-dami, a shanya a tsaye. Mai sayen kara na gidan shanu, wanda duk kaka yake zuwa ya naɗe karan gonakinmu cikin farar leda, ya zo da motarsa kamar kullum, muka ce bana babu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku da wa za ku yanka wannan da lauje? Ƙaraminku ya ba saba'in baya."

"Ƙaraminmu ya haifi babanka," in ji 'Yar Andong. "Ja motarka."

Mun yanka. Ba zan ce da sauƙi ba. Da yamma sai ka ga tsofaffi suna dawowa a lanƙwashe kamar laujen da ke hannunsu, warin man zafi ya cika ƙauye. Bayan girbi muka zauna a filin kasuwar garin fim muna yanta kara, Yaya Gapsu yana bi yana dubawa da sanda. In ya ga inda ya yi sako-sako sai ya zura sandar ya warware shi gaba ɗaya.

"Manbok, wannan rufi ne ko gemun akuya? Ko aikin ma a mace kake yinsa?"

"Yaya, yatsuna ne suka sandare."

"Me?"

"Na ce ka yi gaskiya!"

Shi kansa yake hawa. Mutumin da a ƙasa sai da sanda, in ya taka tsani sai ya koma kyanwa. Ya kan zauna a ƙololuwar jinka yana ɗaure kunyar sama, wadda ake kitsawa kamar bayan kifi, bakinsa cike da igiya. 'Yarsa ta bugo waya daga Busan tana faɗa, ya ce ba ya ji. A tsohon bunun da muka sauke akwai fararen tsutsotsi masu kauri kamar yatsa, na tara su a kwano ina kallon yadda suke tafiya da baya, a rigingine. Babu wanda ya damu ya zo ya gani.

'Yar Andong kuma da lokacin jiƙa kabeji ya yi, ta tara matan ƙauye suka cika randunanta da kimci, kabejin da ake jiƙawa da barkono, na cin mutum ɗari biyu har bazara. Hannayenta sun yi ja har gwiwa. Kafin dusar ƙanƙara ta farko, garin fim ya zama ruwan zinariya tun daga ƙofar gari har gidan maƙeri. Rumbu ɗaya ne kawai ya rage a can baya, wanda kyamara ba ta cika kaiwa gare shi ba.

Sanggu ya sa ranar gosa. Ba a fara fim sai an yi gosa, a shimfiɗa tabarma a inda za a yi aikin, a gaida masu wurin da ba a gani, a roƙe su kada kowa ya ji rauni. Ni aka aika kasuwa zaɓen kan alade, don an san ina da ido. Ba kowane kai ake ɗauka ba, sai mai murmushi. Na bi layin mahauta ina duba fuskoki, wani kamar an ci bashinsa, wani kamar yana jin fitsari. A ƙarshen layi na samu ɗaya da ke murmushi har ido, irin na wanda aka gaya wa albishir yana barci. Na rungumo shi a mota, yana kan cinyata har gida.

Ranar ta zo da motoci fiye da yadda muka saba. Ga manyan motocin kaya, ga 'yan jarida, ga mutanen ma'aikatar gwamnati daga Seoul da na ƙaramar hukuma, kowa cikin doguwar baƙar rigar sanyi. Aka jera kan aladen, da wainar shinkafa mai jan wake tana tururi, da farar giya, da busasshen kifi wanda aka naɗe da farin zare. Darakta ya durƙusa, jarumin fim ya durƙusa, Sanggu ya durƙusa ya daɗe bai ɗago ba. Kowa ya cusa kuɗi a bakin alade, da baki ya cika aka koma hanci da kunne. Mu ma muka sa namu. Wani babba daga ma'aikatar gwamnati ya yi jawabi, ya nuna rufin da hannu, ya ce ga amfanin doka nan kowa ya gani da idonsa, aiki ya dawo gida. Aka kira Yaya Gapsu aka yi hoto da shi a tsakiya. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya yi ta gyaɗa kai.

Shi wannan kifi, in an gama gosa, a kan rataye shi a saman ƙofar wurin aiki, idonsa buɗe, ya yi gadi har ranar da za a gama. A ƙofar garin fim akwai ƙusoshin fina-finan baya, wasu da guntun zare har yanzu. Tun da safe Yaya Gapsu ya kafa sabuwar ƙusa. Aka watsa giya a kusurwoyi, aka raba waina, aka naɗe tabarma, ƙusa tana nan babu komai.

"Ba su rataye kifin ba," na ce wa 'Yar Andong.

"Kai dai da sa ido. A ƙofar za a ɗauki fitowar farko, so kake kifi ya fito a fim? In an gama sa rataye. Je ka mutu, ana jiranka."

Fitowar farko tawa ce. Darakta ya ce girmamawa ce, tun da ni na kwanta a gaban majalisa. Talaka ne yunwa ta kashe a bakin ƙofar gari, jarumi zai zo ya tsaya a kansa ya yi shiru. Aka shafa mini toka a fuska, na kwanta a gefe ɗaya, kuncina a ƙasa. Kamar an yi oda, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Darakta ya ce kada kowa ya motsa, yana son ta taru a gemuna.

Abin da mutane ba su sani ba, gawa tana ji, tana kuma gani. In ka kwanta ka yi shiru, ba a daɗewa ake mantawa da kai, a riƙa magana a kanka kamar kai dutse ne. Wasu mutum biyu masu riƙe da fitila suna tsaye daf da ƙafafuna, suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ka sayi maganin sauro?"

"Matata ta saya. Ta ce wai har da na rana. An ce can ko da dare gumi kake yi."

"To dusar fa? Fim ɗin hunturu ne."

"Kumfa da takarda. Yau dai a ɗauki ta gaske a tafi da ita. Jibi da asuba jirgin, kada ka makara irin na bara."

Idona yana kallon bayan motar kyamara, don can aka juya fuskata. Direban Sanggu ya buɗe wani akwati mai taya a ƙasa. Ina ganin riguna masu gajeren hannu a ciki, da takalman soso. Ya ɗauko kifin gosa, ya naɗe shi da tawul, ya danna shi a tsakanin rigunan. Jelar ta hana akwatin rufuwa, ya sa gwiwa ya danne.

Ban motsa ba. Kyamara tana aiki, ni kuma ban taɓa ɓata wa darakta ɗauka ba. Dusa ta sauka mini a ido ta narke ta gangara. Jarumi ya zo ya tsaya a kaina ya yi shirunsa. Da aka ce an gama, darakta ya rungume ni, ya ce bai taɓa ganin gawa mai hawaye ba, wannan fitowa ita ce za ta buɗe fim.

Na samu Sanggu a bayan fadar hakimi, tsakanin katakan da suka tokare ta, yana waya. Da ya gan ni ya kashe.

"Kawu! Ka ga yadda ka yi kuwa? Shiga mota ka ji ɗumi."

"Sanggu, ina kifin zai je?"

Ya buɗe baki zai yi dariyar nan, kafaɗun suka ƙi rawa. Ya dubi takalmansa.

"Wa ya gaya maka?"

"A kwance nake. Ina zai je?"

Ya faɗi sunan ƙasar, wata mai zafi can kudu. Ya ce an riga an gina rabin gari a can, an ɗauki jama'ar gari ɗari uku.

"To dokar fa? Wadda na soya bayana a kanta?"

"Kawu, ba wanda ya karya doka. Cewa ta yi a kashe yawancin kuɗin a gida. Abin da jarumin nan kaɗai zai karɓa ya kusa cikawa, kuma a gida zai karɓa. Haɗa hoto, sauti, aikin kwamfuta, duk a Seoul. An fara ɗauka a nan, kowa ya gani. Rangwamen ya halatta."

"Can kuma su mayar muku da nasu."

"Su ma su mayar. Kawu, ba ni kaɗai ba ne, akwai masu zuba kuɗi a kaina. In na ce musu na bar wancan don ƙauyenmu, gobe wani ne a kujerata."

"Rufin fa? Mutum mai shekara tamanin ka sa ya hau sama."

"Rufin ba a banza ba, wallahi. Jiya yarana sun ɗauki hotonsa ta kowane gefe, kara ɗaya-ɗaya. Can bango kawai za a gina, kwamfuta ta ɗora rufin Baba Gapsu a kai. Duk duniya za ta gan shi."

Na tsaya ina ƙoƙarin ganin abin a raina, rufinmu yana tashi sama kamar garken agwagwa, ya ƙetare teku, ya sauka a kan bangon wasu. Ko a wannan hali sai da abin ya ba ni mamaki, na kuma ji haushin kaina da ya ba ni.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya shiga juya wayar a hannunsa, na sake tambaya.

"Ranar da ka je kabarin ubanka da lemo, ka sani?"

"Ban tabbatar ba a lokacin."

"Ranar da muka kori mai sayen kara fa?"

"Kawu, da na faɗa muku kwana biyu ne, za ku yi rufin?"

"Da ba mu yi ba."

"To ka gani."

Ya faɗe ta a hankali, kamar ni ne na kawo masa hujja. Na ce ƙaramar hukuma fa, kwana biyu ba zai hana su rushewa ba. Ya ce zai yi musu magana, zai gwada, kuma zai sa sunan Bamgol a rubutun ƙarshen fim, da manyan baƙaƙe. Na ce ka durƙusa wa masu wannan wuri, ka sha giyarsu, ka ce a nan za ka yi aiki. Ya ce, "Kawu, gosa ai al'ada ce kawai." Ban san me ya sa ba, sai na ji bakina yana tambaya ko can suna da mai yi musu gawa.

"Akwai, Kawu," ya ce. "Da yawa."

Na bar shi a nan. A filin kasuwa ana ta ci ana sha, an yanyanka kan aladen, ma'aikata suna layi a gaban tukunyar 'Yar Andong suna cewa sun yi kewar miyarta. Tana zuba musu tana zaginsu, wai duk sun rame, kafin bazara sai ta mayar da su mutane. Na zauna a gefe da kwanona har ya huce.

Da yamma na taya ta wanke kwanuka, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu, ban da kai?" Na gaya mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya har na karɓe shi daga hannunta. Can ta ce, "Ni na riƙa yi wa yaron nan wanka yana jariri. Uwarsa ba ta da lafiya, ni na yi."

Washegari suka ɗauki hotunan lunguna babu mutane, suka loda kaya. Sanggu bai shigo ƙauye ba, ya aiko da kwalayen lemo zauren tsofaffi. Babu wanda ya buɗe su. Kafin motar ƙarshe ta fita kwari, duk Bamgol an sani, daga wannan kicin zuwa wancan. Yaya Gapsu ne kaɗai bai sani ba. Magana irin wannan ba a faɗinta da ihu, shi kuma ba ya jin wadda ba ihu ba. Shugaban ƙauye ya ce ni zan gaya masa tun da ni na gani. Na ce shi ne shugaba. 'Yar Andong ta ce a bari ya huta tukuna.

Bai huta ba. Da safe muka ji ana buga tsani, muka haura mu biyar ko shida. Dusa ta kwanta a kan sababbin rufin, tayoyin motoci sun kwaɓe filin kasuwa. A bakin kwari wata farar motar ƙaramar hukuma ta tsaya, mutum biyu sun fito da abin awo mai ƙafa uku suna leƙa garin ta cikinsa. Yaya Gapsu ya ba su baya. Ya jingina tsani da rumbun nan da ya rage, naɗin kara a kafaɗarsa, ƙafarsa ɗaya a kan matakin farko.

"Kun tsaya kuna kallona kamar shanu," ya ce. "Manbok, riƙe mini tsanin. Gara mu rufe wannan kafin su juyo, kada yaron ya ji kunya a gaban baƙinsa."

Na kama tsanin. Ya hau mataki biyu, ya tsaya, ya waiwayo ya kafa hannu a bayan kunne.

"Yaushe ma suka ce za su dawo?"